Tambayi Likitan Ido: Wai da gaske tabarau yana ƙarasa kashe ido?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan watan sun yi yawa kuma mafi yawansu a kan tabarau ne, don haka na haɗa masu kama da juna na ɗauki ɗaya-ɗaya, wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau wataƙila amsarsa na cikin ta wani. Kamar kullum na cire sunaye. Masu turo min hoton ido ta WhatsApp suna cewa in rubuta musu magani kuma don Allah ku yi haƙuri, ba a awon ido ta hoto.

TAMBAYA: Salam Likita. Ni tela ne a Fagge, shekarata 46. Kwana biyun nan in zan zura zare a allura sai na kira yaron shago, haka in zan karanta saƙo a waya sai na miƙa hannu can nesa, amma daga nesa ras nake gani, lambar mota ma ina karantawa daga tsallaken titi. To ranar Juma'a bayan an sauko na ga mai tallan tabarau a faranti a bakin masallaci, na gwada har na samu wanda yayi min na saya. Matsalar uwargida tace in na saba dashi idon zai mutu gaba ɗaya, kuma nima na lura yanzu in na cire sai inga kamar abin yafi da lalacewa. In ci gaba da sawa ko in jefar?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kar ka jefar, kuma ka gaida uwargida kace likita yace ta kwantar da hankalinta. Abinda ya same ka ba ciwo bane, shekaru ne. A cikin ido, bayan baƙin nan da muke gani, akwai wani ɗan gilashi na halitta mai taushi, in zaka kalli abu na kusa sai ya ɗan kumbura, in na nesa ne sai ya baje. Daga wajen shekara 40 yake fara tauri ya daina kumbura yadda ya kamata, kuma wannan kowa sai ya same shi, mai kuɗi da talaka, wanda yayi boko da wanda bai taɓa riƙe littafi ba. Taurin nan zai ci gaba da ƙaruwa har wajen shekara 60 ko ka sa tabarau ko baka sa ba. Shi yasa mai shekara 42 zaka ga tabarau mai lamba +1.00 ya ishe shi, in ya kai 50 yana neman wajen +2.00, a 60 kuma +2.50 ko sama kaɗan. To mutane sai su ga lamba tana hawa duk bayan 'yan shekaru sai a ɗorawa tabarau laifi, alhali wanda ya ƙi sawa ma idonsa haka yake tafiya, shi dai ya zaɓi ya sha wahala ne da ciwon kai da yamutsa fuska. Maganar in ka cire kaga kamar yafi da lalacewa kuwa, da can ka saba da dishi-dishin ne har ka ɗauka haka duniya take, yanzu da ka ɗanɗana gani tar shine kake gane bambancin.

Na faranti kuma, gaskiya bana cikin masu cewa guba ne. Ga wanda idonsa biyu ƙarfinsu ɗaya kuma bashi da wata matsala yana aiki, baya lalata ido. Sai dai lamba ɗaya ce a duka ɓangarorin, mutane da yawa kuma idon dama da na hagu ba ɗaya suke ba, sannan tsakiyar gilashin ba lallai ta dace da tazarar idanunka ba, shine zaka ji wani yace in ya daɗe dashi kansa na sarawa ko yana jin jiri.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abinda ya fi damuna shine mai faranti baya auna firesha ta ido, wato matsin ruwan cikin ido, baya leƙa jijiyar ido. Mu a asibiti wannan gajiyar idon ta shekara 40 ita ce take kawo mana mutanen da basu taɓa zuwa awo ba a rayuwarsu, mutum yazo neman tabarau na karatu sai mu tsinci hawan jinin ido da bai san dashi ba, ko mu ga alamar ciwon suga ko hawan jini a jijiyoyin bayan ido tun shi bai san yana dasu ba. In ka siya a bakin masallaci buƙatarka ta biya, wannan damar kuma ta wuce, sai bayan shekara goma kazo mana ana jan ka da sanda Allah ya kiyaye.

Don haka ka ware rana ɗaya kaje awo. Ba wani abin tsoro aciki. Za a zaunar da kai mita 6 daga allo a rufe ido ɗaya ka karanta haruffa daga manya zuwa ƙanana, wanda baya karatun boko akwai allo mai harafi ɗaya da ake jujjuyawa, nuna wa kawai zai yi da yatsu ina ƙafafunsa suka kalla, sama ko ƙasa, dama ko hagu. In kaji ance 6/6 to ganin nesa lafiya lau. Daga nan a ɗora maka wani firam mai nauyi a hanci ana canza gilasai ana tambayarka wannan ko wancan, kar kaji kunyar cewa a maimaita, kuma in duka biyun ɗaya kake ganinsu ka faɗa, ba jarrabawa bace. Sai a auna firesha, wani wurin iska ce na'ura take hurowa fuf a ido, wani wurin a ɗiga magani a taɓa idon da wani ɗan abu mai shuɗin haske, babu zafi. Sai a haska fitila a leƙa ciki. In ance za a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido to ka sani ganinka zai yi hazo na wajen awa 4 zuwa 6 kuma rana zata dame ka, ranar kar ka zo da mashin. Kuma ka tafi da allurarka da zarenka a aljihu, da gaske nake, domin tazarar da tela yake aiki ba ɗaya bace da ta mai karanta jarida ko mai kwamfuta, in mai awon ya ga inda kake riƙe abu zai fi baka lambar da ta dace.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Mahaifinmu ne shekararsa 63 aka ce yana da gilakoma wato hawan jinin ido, aka bashi maganin ɗigawa kala biyu akace har ƙarshen rayuwa. Ya yi wata huɗu yana sawa yace shi bai ga wani canji ba ganin bai ƙaru ba kuma maganin ga tsada, ya ajiye. Yanzu wani ya kawo masa wani na gargajiya wai yana wanke ido tas. Sannan yace ko da zai koma wa na asibitin ba zai sa da azumi ba don yana jin ɗacinsa a maƙogwaro. Ya zamu yi dashi? Daga 'yarsa a Gusau.

AMSA: 'Yar uwa wannan saƙon naki shine wanda ya fi gaggawa a duk na watan nan, don Allah yau ɗin nan a mayar da Baba kan maganinsa, kuma cikin satin nan a koma asibitin a sake auna firesha.

Inaga ba a yi masa bayani yadda zai gane bane. Maganin gilakoma ba a bada shi don gani ya ƙaru. Ana bada shi ne don wanda ya rage kar ya tafi. A cikin ido akwai ruwa da yake zagayawa yana fita ta wata 'yar magudana, in fitar ta ragu sai matsi ya taru ya dinga danne jijiyar da take kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma jijiyar nan abinda ya mutu a cikinta baya dawowa, ba magani ba tiyata ba tabarau, ko a Misira ko a Indiya, ina faɗin haka ne don na san akwai masu sayar da fili su tafi neman abinda babu. A yawancin mutane fireshar ido tana tsakanin 10 zuwa 21, aikin ɗigon shine ya sauko da ita ya riƙe ta a ƙasa. Don haka in Baba yayi wata huɗu ganinsa na nan yadda yake, to maganin yayi aikinsa kenan.

Ciwon nan aikin gara yake yi, azara tana nan tsaye daga waje cikinta kuwa an cinye. Yawanci baya zafi, ido baya ja, daga gefe-gefe yake fara cin gani, mutum yana karanta Alƙur'ani lafiya amma yana tuntuɓe da buta, yana karo da ƙofa, mashin ya taho ta gefensa bai gani ba. Babban binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna bayan yanar ido gilakoma ce ta biyu wajen makantar da mutane, wajen mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai 40 suna da ita, kuma mafi yawansu da nisa basu san suna da ita ba. Mu baƙar fata tana kama mu da wuri kuma tafi yi mana tsanani. Sannan tana bin jini, don haka ke da kika rubuto, da yayyenki da ƙannenki, da 'yan uwan Baba da suke ciki ɗaya, kowa yaje a duba shi, musamman wanda ya haura 35, kuma a dinga maimaitawa duk shekara.

Maganar tsada gaskiya ce bazan musa ba, maganin nan yana cin aljihu. Amma a faɗawa likitan kai tsaye cewa ba a iya siya, akwai masu sauƙin kuɗi, akwai kuma aikin tiyata da ake buɗe wa ruwan hanya wanda ga wasu yafi musu alheri akan ɗigon da ba zasu iya ɗorewa dashi ba. In Baba yana da asma a faɗa, don akwai ɗigo irin timolol da baya shiri da masu asma. Na gargajiyan da aka kawo kuwa kar ya shiga idonsa.

Azumi kuma, ɗacin da yake ji gaskiya ne, akwai 'yar ƙofa a lungun ido ta wajen hanci da hawaye ke bi ya sauka maƙogwaro. Da zarar an ɗiga ya rufe idon ya danne wannan lungun da ɗan yatsa na minti biyu, ɗacin zai ragu sosai ko ya ɓace, maganin ma yafi zama a idon. Kuma yawancin magungunan nan sau ɗaya ne da dare ko sau biyu a rana, ana iya tsara su lokacin sahur da bayan shan ruwa, likitansa zai tsara masa. Hukuncin ko ɗigon ido yana karya azumi malamai sun yi saɓani akai, wannan fagen malamai ne a tambaye su, amma a faɗa musu cewa barin maganin wata guda yana iya cin ganin da ba zai dawo ba.

TAMBAYA: Likita ɗana ne ɗan shekara 8 yana aji uku, malamarsu ta kira ni tace baya ganin allo sai ya taso ya dawo gaba, kuma kullum daga littafin na kusa dashi yake kwafa. Mun kai shi an auna ance sai tabarau, -2.00. To kakarsa, wato mahaifiyar maigidana, ta rantse ba za a sa wa jikanta gilashi ba wai yaro ƙarami za a mayar dashi makaho, a bashi karas da zogale kawai. Ni kuma ba zan iya ja da ita ba. Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Allah ya saka wa malamar nan da alheri, da yawa irin yaran nan bulala suke sha ana ce musu daƙiƙai alhali allon ne basa gani, shi kuma yaro bai san ana gani fiye da haka ba balle ya faɗa.

Yaronki yana ganin kusa, nesa ce baya gani, kuma dalili shine ƙwayar idonsa ta ɗan fi tsayi, hoton abu sai ya faɗi kafin ya kai bangon bayan ido. Karas da zogale da manja da hanta duk abinci ne masu kyau, suna da bitamin A, suna kare yaro daga dundumi, Hajiya tayi gaskiya anan, amma basa rage tsayin ido. Mai -2.00 in babu tabarau duk abinda ya wuce rabin mita daga fuskarsa ya fara dushewa, ki auna rabin mita da hannunki ki gani, sannan ki tuna ina allo yake daga benci na huɗu.

Ki sani tun yanzu lambar zata iya ƙaruwa yana girma, don idon yana girma tare da jiki, yawanci sai ya kai wajen shekara 20 take tsayawa. Ina faɗa miki ne don kar shekara mai zuwa a ce -2.75 Hajiya tace kun gani ko, gilashin ne. Ba shi bane. Abinda bincike ya nuna yana taimakawa shine yara su dinga samun wasa a waje cikin hasken rana, wajen awa biyu a rana, a rage musu dogon zama da waya a hanci. A yi masa na roba ba na kwalba ba saboda wasa, firam mai kama kunne sosai, a mayar dashi awo duk shekara.

Surukarki kuma ba ke zaki yi wannan yaƙin ba. Ki lallaɓa maigidan ya ɗauki Hajiya da kansa suje asibitin tare da yaron, a nuna masa allo a gabanta babu tabarau, sannan a sa masa a sake nunawa. Tsofaffinmu in suka gani da idonsu basa gardama, kuma ita ma sai a auna ta tunda tazo.

Tunda ana maganar yara bari in ƙara wannan ga sauran iyaye. Yaro mai harara-garke, ko wanda ido ɗaya yafi ɗaya ƙarfi sosai, ƙwaƙwalwarsa tana watsar da raunannen idon ta daina amfani dashi, in ba a gyara ba kafin shekara 7 zuwa 8 gyaran yana wahala, don haka maganar a bari zai miƙe da kansa in ya girma ba haka bane. In kuma kin ga wani fari a tsakiyar baƙin idon jariri ko ƙaramin yaro, ko a hoto ido ɗaya yana ƙyalli fari, wannan ba na jira bane, yana iya zama yanar ido, yana iya zama kansar ido, a tafi babban asibiti a satin.

TAMBAYA: Ina sana'ar POS kuma ina karatu a jami'a, kullum ina kan waya da kwamfuta, da yamma idona yayi ta yaji yana hawaye. Ance in sayi gilashin nan mai tare shuɗin haske, yana aiki?

AMSA: Ƙanina riƙe kuɗinka. A 2023 masana sun tattara gwaje-gwajen da aka yi akan gilashin basu ga yana rage gajiyar ido fiye da gilashi na kullum ba. Yajin da kake ji bushewa ce, mutum in ya ƙura wa waya ido ƙiftawarsa raguwa take sosai, ga fanka ga iskar hunturu. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisa kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ka dinga ƙiftawa da gangan, kar fanka ta dinga bugun fuskarka, in bai isa ba akwai ɗigon hawaye na roba mara magani aciki. In duk da haka kai na ciwo kaje awo, ƙila akwai 'yar lamba da kake buƙata.

TAMBAYA: Likita 'yata shekararta 6, duk shekara in zafi ya shigo ko ƙura ta taso idonta yayi ta ƙaiƙayi tana murzawa, har farin ya koma ruwan ƙasa, makwabta suna cewa wai shawara ce. Mai kyamis ɗin unguwarmu ya bamu wani ɗigo, wallahi kwana biyu idon yayi fari tas, to duk sanda ya tashi shi muke siya, yanzu shekara biyu kenan. Akwai matsala?

AMSA: Akwai, Hajiya. Ki ɗauko kwalbar yanzu ki karanta jikinta, in kin ga dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone to shine abinda nake tsoro. Waɗannan magunguna ne masu ƙarfi, muma muna bada su, amma na ɗan lokaci kuma muna auna firesha muna bibiya, domin in aka daɗe ana ɗiga su suna jawo hawan jinin ido da yana, ga yara ma abin yafi sauri. Ba ƙaramin baƙin ciki bane kaga yaro ɗan firamare jijiyar idonsa ta tafi saboda ƙaiƙayin da da kansa zai lafa in ya balaga. Kuma in akwai gyambo a baƙin ido aka ɗiga irin wannan, gyambon faɗaɗa yake.

Abinda yake damun 'yarki borin ido ne ga ƙura da zafi da makamantansu, yana da yawa a yaran ƙasar nan, ba shawara bace kuma ba a ɗauka. Ki kaita asibitin ido ki tafi da kwalbar, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da kuka yi kuna sawa ba wanda zai dake ki, a auna firesharta, su zasu tsara yadda za a janye shi a canza mata da wanda ake iya daɗewa dashi lafiya. Kafin nan in ya motsa ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ki ɗora mata akan idon a rufe. Ki hana ta murza iya yinki, yawan murza yana iya sa gaban ido yayi siriri ya tsuro. Nonon uwa, ruwan suga, ruwan albasa, fitsari, duk waɗannan da ake cewa a ɗiga, babu wanda ya halatta ya shiga idon mutum. Kwalli ma na dutse da ake rambaɗa wa jarirai a bari, da yawansa akwai dalma aciki.

TAMBAYA: Kakata ce yana ta rufe mata ido ɗaya ɗayan ma ya fara. Tana tsoron asibiti don ance ana ƙwaƙulo idon ne a wanke a mayar. Akwai wani mai magani da yake zuwa ƙauyenmu ran kasuwa yana yi da wani tsinke a take mutum ya gani. Mu kaita? Daga wani jika a ƙasar Gumel.

AMSA: Kar ku kaita. Kuma ka faɗa wa Iya ba wanda yake ciro ido, ido a maƙale yake da jijiya da tsoka, ba ya fita ya koma.

Yana ba fata bace da ta rufe ido daga waje, wancan ɗan gilashin na ciki da nayi wa tela bayani shine yake yin fari da tsufa. Mai tsinke abinda yake yi shine ya soka ya ture shi ya faɗa can cikin ido, haske ya samu hanya, mutum yace na gani na gani, a tafa, a biya, shi kuma ya wuce kasuwa ta gaba. Amma idon ya zama babu gilashi, sai da tabarau mai kaurin gaske na wajen +10 zai ga abu sosai, sannan wanda aka tura ciki yana iya tada kumburi da hawan firesha, ga tsinken ba a dafa shi ba. Wancan binciken na 2005 zuwa 2007 ya tarar da idanu masu yawa da aka yi wa wannan aikin, musamman a Arewa, kuma mafi yawansu makafi ne.

A asibiti allurar kashe zafi ake yi a gefen ido ko ɗigo, tana farke, a yi 'yar ƙaramar ƙofa a fitar da farin a saka na roba a gurbinsa wanda zai zauna har ƙarshen rayuwa, aikin baya wuce rabin awa a mafi yawan lokuta, washegari a buɗe bandeji. Ba sai an jira ta nuna ba kamar yadda ake cewa da, in dai ta hana mutum harkarsa ana yi. Babu kuma ɗigon da yake narkar da yana, duk wanda yace yana dashi kuɗinku yake so. Daga wajenku Kano ce kusa, akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, akwai na Makkah, akwai sashen ido na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, a Kaduna kuma ga Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ku kuma kasa kunne ga aikin ido kyauta da ake shiryawa lokaci-lokaci, musamman wajen Ranar Gani ta Duniya, Alhamis ta biyu a watan Oktoba. In tana da suga ko hawan jini a daidaita su kafin ranar aiki.

TAMBAYA: Likita bikina saura wata ɗaya, mai kwalliyata tace zata sa min ruwan ido mai kala, irin wanda ake mannawa a ƙwayar ido, ranar kamu da dina. Lafiya ta kuwa?

AMSA: Allah ya sanya alheri amarya. In har sai kin sa, to ki sayi naki sabo a rufe a wurin masu awon ido su gwada miki su koya miki sawa da cirewa tun kafin satin biki, kar ki yarda da wanda yake cikin jakar mai kwalliya da ba ki san idon amare nawa ya shiga ba. A wanke hannu da sabulu a busar kafin a taɓa, a sa shi kafin a fara kwalliya, kar ya taɓa ruwan famfo ko na rijiya ko yawu, ruwansa na musamman kawai, in zaki yi alwala ko wanka ki cire. Duk gajiyar da kika kwaso daga dina kar ki kwanta dashi, anan ne ake samun gyambon baƙin ido da yake barin hakiya. In kin ji zafi ko idon yayi ja ko haske na damunki ki cire a take, in bai lafa ba zuwa safiya ki tafi asibiti da shi da kwalbarsa.